Yaro na tafiya da saurinsa, to wa zai gaya wa ubansa inda ya kai?

A shekarar 2007 wani matashin malami mai suna Virgel Hammonds ya karɓi shugabancin makarantar sakandare ta garin Lindsay, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Bai ma gama sanin kan ofishinsa ba, sai ga wani uba ya shigo da ɗansa. Yaron bai daɗe da kammala wannan makaranta ba, an ba shi takardar shaida, an yi biki. Uban ya ɗauki jarida ya miƙa wa ɗan, ya ce ya karanta wa shugaban makaranta. Yaron ya sunkuyar da kai. Bai iya karatu ba.

Hammonds ya sha ba da wannan labari, kuma yawancin masu jinsa tausayin yaron ne ke kama su. Ni uban ne ya tsaya mini a rai. Shekara da shekaru ana aiko masa da katin sakamako duk ƙarshen zango, yana ganin ɗansa na haye aji bayan aji, kuma babu kati ɗaya a cikinsu da ya fito fili ya ce masa ɗanka fa bai iya karatu ba. Makaranta ba ta yi masa ƙarya kai tsaye ba. Ta dai riƙa aiko masa da takardun da ba su ɗauke da labarin da yake buƙata.

Sai an fahimci yadda ake tafiyar da makarantun gwamnati a Amurka kafin a gane nauyin irin wannan uba. Gwamnatin tarayya ba ita ke riƙe da firamare da sakandare ba. Ƙasar a rarrabe take zuwa gundumomin makarantu sama da 13,000, wasu na da ɗalibai dubu ɗaruruwa, wasu ba su kai ɗari biyu ba. Kowace gunduma na da kwamitin gudanarwa, wanda a mafi yawan wurare mutanen gari ne ke zaɓensa da ƙuri'a. Kwamitin ne ke ɗaukar shugaban gunduma aiki, shi ke sallamarsa, shi ke amincewa da kasafin kuɗi. Kuɗin kuma yawanci daga jiha yake fitowa da harajin gidaje da filaye na mutanen yankin. Abin da tarayya ke bayarwa a shekarun da ba na annoba ba bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Wato shugaban gunduma ba kamar sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ba ne, wanda daga sama ake naɗo shi. Iyayen da ke kawo yara da safe su ne masu biyan albashinsa, kuma in ransu ya ɓaci, zaɓe ɗaya ya isa su share kwamitin da ya kawo shi.

Lindsay gari ne na gonakin lemo da zaitun a tsakiyar kwarin Kalifoniya. Gundumar na da ɗalibai kusan 4,000, mafi yawansu 'ya'yan ma'aikatan gona ne 'yan asalin Meziko, talakawa, da dama kuma Sifaniyanci ake yi a gidajensu. A wannan shekara ta 2007 gundumar ta tara iyaye da malamai da sauran mutanen gari, ta tambaye su wane irin mutum suke so makaranta ta yaye. Daga amsoshin aka zana sabon tsari, aka fara aiki da shi a 2009 da 'yan ajin farko na babbar sakandare, daga baya ya game sauran azuzuwa.

Abin da suka rushe tsohon gini ne. Tun 1906 Gidauniyar Carnegie ta kafa ma'aunin da makarantun sakandaren Amurka suka runguma: darasi guda na nufin zaman awa 120 a gaban malami cikin shekara. Ka cika awanninka, ka samu ko da mafi ƙarancin makin ci, ka wuce. A wannan tsari lokaci ne ba ya motsi, ilimin kuwa kowa da abin da ya tsinta. Yaron da ya ci lissafi da maki 60 ya haye gaba da ramin maki 40 a ƙarƙashinsa, a shekara mai zuwa a ɗora masa sabon gini a kan ramin. Masani Benjamin Bloom ya yi jayayya da wannan tun 1968, yana cewa kusan kowane yaro na iya ƙwarewa in an ba shi isasshen lokaci da gyara a kan kari. Wata ƙaramar gunduma a Alaska mai suna Chugach, inda wasu ƙauyukan sai da jirgin sama ko na ruwa ake isa, ta gwada abin da gaske daga 1994, har ta samu babbar lambar yabo ta ƙasa a 2001. Daga can ne salon ya gangaro Lindsay da wasu wurare.

A Lindsay yaro ba ya barin mataki sai ya nuna ya iya. Shekarunsa ba su ne ke yanke abin da zai karanta ba. Yana iya zama ya yi gaba a karatu amma yana baya a lissafi, kowanne a ba shi daidai inda yake. Har sunaye suka sauya: ɗalibi ya koma “mai koyo”, malami ya koma “mai sauƙaƙa koyo”. Ni dai wannan sauyin suna bai taɓa burge ni ba, malam malam ne. Amma tushen abin yana da ma'ana, kuma duk wanda ya yi makarantar allo ba baƙonsa ba ne. A gaban alaramma babu wanda ke jiran wani. Kowa da allonsa, wannan yana Sabbi, wancan ya haura Amma, wani can ya kai Yasin, kuma ba za ka wanke allo ba sai ka biya malam ya ji ya zauna. Turawa sun yi shekara ɗari suna zagaye, sun zo sun tarar da abin da ƙolo ya sani.

Sai dai akwai abin da makarantar allo ke da shi wanda makarantar boko mai wannan salo ba ta da shi, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙa. Uban almajiri ba ya tambayar “na nawa ka zo?” Cewa yake “ina ka kai?” In yaro ya ce ya kai Tabara, magana ta ƙare, uban ya san inda ake. Ya san hanyar izifi 60 ce, ya san abin da aka wuce da abin da ya rage, wataƙila shi ma ya taka ta da ƙafarsa. In yana shakka, sai ya ce ɗauko allon ka karanta in ji. Taswirar a kan kowa take. Shi ya sa yaro ke iya tafiya da saurinsa ba tare da ya ɓace wa iyayensa ba.

A makarantar boko taswirar ba ta kan kowa. Ɗaruruwan ƙananan manufofi ne da masana manhaja suka rubuta da harshensu na ofis. Abin da iyaye suka iya karantawa shi ne aji da harafi: ɗana yana aji biyar, ya samu B a lissafi. Ma'auni ne maras kyau, shi ne ma ya yaudari uban nan na Lindsay, amma shi kaɗai ne a hannunsu. Sabon tsarin ya zo ya karɓe shi.

A ɗauka uwa ce ta dawo daga aiki da dare, ta buɗe sakamakon 'yarta. Maimakon layi ɗaya na lissafi, sai ta tarar da layi goma sha biyu, kowanne da lamba daga 1 zuwa 4. Wajen tara lambobi masu ɓangare an sa 3, wajen raba su an sa 2, wasu layukan ba a sa komai ba domin ba a kai wurin ba tukuna. A wajen makaranta 3 na nufin ta iya, an gama, abin da ake nema ke nan. Lamba 4 ta wanda ya zarce abin da aka koyar ce, 2 kuma na nufin tana kan hanya. Uwar kuwa lissafin da ta sani za ta yi: 3 cikin 4 kashi 75 ke nan, a tsohon ma'auni C ce. Yarinyar da ta saba kawo A ta koma C? Ga kuma 2, rabi ke nan, faɗuwa. Kafin gari ya waye ta kira iyaye uku, kowacce da irin katinta da irin fargabarta.

Kusan haka ta faru a jihar Maine, inda shi Hammonds ɗin ya koma ya shugabanci wata gunduma. A 2012 jihar ta yi dokar da ta ce nan gaba ba za a ba da shaidar kammala sakandare ba sai ɗalibi ya nuna ƙwarewa a fannoni takwas. Doka ce mai kyakkyawar niyya, amma ta bar wa kowace gunduma ta fassara “ƙwarewa” yadda ta ga dama, abin da ake kira 3 a wannan gari ba shi ne 3 a gari na gaba ba. Iyaye suka fara tambayoyin da ba a shirya musu amsa ba. Jami'a za ta gane wannan sakamako? Yaya za a yi da tallafin karatu da ke neman matsakaicin maki? Yaro mai buƙata ta musamman da ba zai taɓa cika fannoni takwas ba, shi ke nan ba shi da shaida? Jami'o'i da dama na yankin sun sa hannu a kan sanarwar cewa sabon sakamakon ba zai cutar da mai neman gurbi ba, amma sanarwar ba ta kwantar da hankalin mutane ba. Aka ɗage ranar fara aiki da dokar, aka yi ta cika zaurukan taro da ƙorafi, a 2018 majalisar jiha ta janye tilascin. Gundumomi da yawa suka koma wa A da B ɗinsu, wasu suka riƙa buga ma'auni biyu a kati ɗaya.

Wani reshen na wannan salo kuma ta kwamfuta ya biyo. Manhajar Summit Learning, wadda injiniyoyin Facebook suka taimaka wajen ginawa kuma gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa Priscilla Chan ta tallafa, an ba ɗaruruwan makarantu ita kyauta. Yaro ya zauna gaban na'ura, ya bi darussa da saurinsa, ya yi gwaji in ya ji ya shirya. A ƙarshen 2017 gundumar Cheshire a jihar Connecticut ta dakatar da ita bayan iyaye sun tara sa hannu. A Nuwamban 2018 ɗalibai kusan 100 suka fice daga azuzuwa a wata sakandare a unguwar Brooklyn ta birnin New York. A 2019 garuruwan McPherson da Wellington na jihar Kansas suka ɗauki zafi, wasu iyaye suka cire 'ya'yansu. Koken kusan iri ɗaya ne ko'ina: yara na wuni suna kallon gilashi, malami ya zama mai gadi, ba a san inda bayanan yara ke zuwa ba, sannan ba wanda ya shawarce mu. An gudu daga ajin da malami ke ta surutu yara na gyangyaɗi, an faɗa ajin da ba mai magana da kowa. Gudun gara, gidan zago.

Kada a ɗauka tsohon katin A da B shi ne mai gaskiya. Binciken jin ra'ayi da ƙungiyar Learning Heroes ta yi ta maimaitawa ya nuna kusan iyaye 9 cikin 10 a Amurka sun yi imani 'ya'yansu na daidai matakin ajinsu ko sama da haka a karatu da lissafi. Jarrabawar ƙasa kuwa ta nuna kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na 'yan aji huɗu suka kai matakin ƙwarewa a karatu. Matakin wannan jarrabawa yana da tsauri, gaskiya ne, amma tazarar ta fi ƙarfin a ɗora wa tsauri kaɗai. Dalilin a fili yake: harafin B ya haɗa zuwa makaranta da ladabi da kawo aikin gida da ƙoƙari, duk an dama a kwano ɗaya, ba a iya tsamo iya karatu daga ciki. Uban Lindsay ba shi kaɗai ba ne. Shi dai ya yi abin da yawancin iyaye ba sa yi, ya miƙa jarida.

To, wane irin labari ne ke amfanar iyaye? A nan an yi gwaje-gwaje masu kyau, kuma abin da suka nuna bai yi kama da mujallar wata-wata da gundumomi ke son aikawa ba, mai hoton shugaba yana murmushi da jerin nasarori. Masanin tattalin arziki Peter Bergman ya fara da wata makarantar talakawa a Los Anjalas. Ya riƙa aika wa wasu iyaye saƙo, yawanci da Sifaniyanci, yana faɗin takamaiman aikin da yaro bai kawo ba, wane darasi, wane shafi. Makin yaran ya tashi. Daga baya shi da Eric Chan suka faɗaɗa gwajin a makarantu 22 na gundumar Kanawha a jihar West Virginia, inda kwamfuta ke zaro bayani daga rajistar malamai ta aika wa iyaye saƙon tes a kan fashin makaranta da aikin da ba a kawo ba da maki in ya yi ƙasa. Faɗuwa a darussa ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, kuma kuɗin saƙonnin bai taka kara ya karya ba.

A Filadelfiya, Todd Rogers da Avi Feller sun yi aiki da gidaje kusan 28,000 na yara masu yawan fashi. Sun gano iyaye na ƙiyasta kusan rabin kwanakin da 'ya'yansu suka yi fashi ne kawai. Ba sakaci ba ne: kwana ɗaya yau, biyu bayan mako uku, wa ke riƙe lissafi? Sai aka riƙa aika musu wasiƙa ta gidan waya ɗauke da sunan yaro da jimlar kwanakin. Yawan masu fashi mai tsanani, wato masu rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin makaranta, ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100. Takarda ce kawai da lamba ɗaya a jiki, wadda ake iya liƙawa a ƙofar firiji.

Gwajin da ya fi ba ni dariya shi ne wanda Bergman da Rogers suka yi tare a birnin Washinton. Saƙon iri ɗaya ne, hanyar shiga ce ta bambanta. Da aka ce iyaye su shiga intanet su yi rajista, ko kashi 1 cikin 100 ba su yi ba. Da aka ce su amsa da kalma ɗaya ta tes, kusan kashi 11 suka shiga. Da aka sa kowa a ciki aka ce wanda ba ya so ya fita, kusan kashi 95 suka zauna. Gunduma na iya kashe maƙudan kuɗi ta gina shafin iyaye, ta yi bikin buɗewa, ta rubuta a rahoto cewa kowane uba na iya ganin ci gaban ɗansa a kowane lokaci, alhali waɗanda ke shiga su ne waɗanda dama ba sa buƙata. Mai tsinkar lemo da ya fita tun asuba ba zai dawo ya zauna neman kalmar sirri ba.

Lindsay ta tsira daga abin da ya ci Maine, kuma ina ganin dalilin bai rasa nasaba da inda ta faro. Tsarin daga taron gari ya fito, ba daga majalisar jiha ko kamfani ba, don haka da wahala ta zo, akwai iyayen da ke jin abin nasu ne. Wahalar kuwa ta zo. An gano da wuri cewa in ka ce wa ɗan shekara 14 ya tafi da saurinsa, wani saurinsa shi ne tsayuwa cik. Dole aka gyara ƙa'ida ta koma saurin malami ko fiye da haka, wanda ya yi baya kuma a san da shi tun da sauran lokaci. Gundumar ta samu tallafin dala miliyan 10 daga tarayya a 2012, ta raba wa yara na'urori, ta haɗa kai da hukumar gari aka kai intanet kyauta gidaje, domin yaro da iyayensa su iya ganin inda ya kai daga ɗaki. Yawan masu kammala sakandare ya ƙaru sosai. Makin jarrabawar jiha ma ya motsa, amma ya daɗe yana ƙasa da matsakaicin Kalifoniya, kuma masu tallata tsarin ba su cika son a tsaya a kan wannan ba. Binciken cibiyar RAND na 2017 a kan makarantu masu irin wannan koyarwa shi ma ɗan ƙaramin ci gaba ya samu, ba juyin juya hali ba.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya shafi har namu mutanen da ke can. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana wariya saboda asali, kuma a kanta aka dogara wajen cewa dole makaranta ta sanar da iyaye cikin harshen da suke ji. A 2015 ma'aikatun ilimi da shari'a na tarayya sun fitar da jagora da ta ce kada a dogara da yara wajen yi wa iyayensu tafinta. Birnin New York na fassara takardunsa zuwa manyan harsuna irin su Sifaniyanci da Sinanci da Larabci da Bengali da Faransanci, sauran kuma sai a nemi tafinta ta waya. Hausa ba ta cikin waɗanda ake bugawa a takarda. A unguwar Bronx akwai Hausawa 'yan Gana da Nijar da Najeriya, masu tuƙin tasi da masu shaguna da masu aikin dare. Na Nijar da ya yi boko ya karɓi ta Faransanci, na Kumasi ko Kano ya lallaɓa da Turanci. Wanda allo kaɗai ya yi, in bai san yana da ikon neman tafinta ba, sai ya kira yaron ya zauna kusa da shi, ya miƙa masa takardar mai layi goma sha biyu da 2 da 3, ya ce me suka ce. Yaron ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce, “Baba, cewa suka yi ina ƙoƙari.”